Lamirin Yaro a Ƙasar Bayi: Shaihu Umar da Huckleberry Finn a Idon Ɗan Haɗejiya

A shekarar 1934 aka buga Shaihu Umar, littafin da Abubakar Tafawa Balewa ya rubuta don gasar da Rupert East ya shirya a Zariya. Marubucin malamin makaranta ne a Bauchi, bai wuce shekara ashirin da biyu ba. Abin da masu nazari ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne, a ranar da littafin ya fito, bauta ba ta mutu ba a dokar Arewa. Turawa sun hana kasuwar bayi, sun kuma ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bautar ɗungurungum. Shi kuwa Mark Twain, da ya fitar da Huckleberry Finn a Amurka a 1885, shekara ashirin ke nan da 'yanta bayin ƙasarsa. Ɗaya ya yi rubutu ne bayan ƙura ta lafa, ɗaya kuwa iyayengiji da bayinsu na zaune a zaure guda suna sauraron karatunsa. Wannan tazarar ce, a ganina, ta sa littattafan biyu suka ajiye lamiri a wurare dabam.

Mu fara da na Amurka. Huck yaro ne ɗan mashayi, ya gudu daga dukan ubansa, ya haɗu da Jim, bawan Miss Watson, wanda shi ma ya tsere don ya ji za a sayar da shi. Suka bi Kogin Misisifi a kan gungumen katako da aka ɗaure. Tun daga nan zuciyar yaron ba ta bar shi ya huta ba, domin duk tarbiyyar da ya sha, a coci da makaranta da bakin titi, ta koya masa cewa taimakon bawa ya gudu sata ce. A babi na 31 ya zauna ya rubuta wa Miss Watson wasiƙa yana gaya mata inda Jim yake. Da ya gama sai ya ji sakayau, kamar an wanke shi. Sannan ya tuna dararen da Jim ke ɗaukar masa gadi don ya bar shi ya yi barci. Ya riƙe takardar yana rawar jiki, ya yaga ta, yana mai imanin cewa ya zaɓi wuta da hannunsa.

Yaron bai gano cewa bauta zalunci ce ba. Har littafin ya ƙare yana ganin kansa mai laifi. Abin da Twain ya nuna shi ne, al'umma na iya horar da lamirin ɗanta har ya riƙa cizonsa idan ya yi alheri. Girman Huck bai zo ta hanyar fahimta ba, ya zo ne ranar da ya ƙi bin muryar da aka dasa masa.

Umar bai taɓa tsayawa a irin wannan mararraba ba. An haife shi a Kagara, ubansa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, bafaden da 'yan hassada suka ƙulla wa sharri bayan wani harin kamun bayi, aka kore shi. Aka sace yaron, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim a Kano, wanda ya ƙetare Sahara da shi zuwa ƙasar Masar, ya riƙe shi tamkar ɗan cikinsa, ya sa shi a karatu har ya zama shaihi. Ga shi a Rauta da furfura yana ba almajiransa labari cikin natsuwa, yana mai da kome ga ƙaddara. Wasu masu nazari sun ɗauki wannan natsuwar a matsayin yarda da bauta. Ban tsaya tare da su ba.

A dubi uwar. Ta fita neman ɗanta tana 'ya, aka yaudare ta, aka sayar da ita, aka kora ta cikin ayari har Murzuk. Ba wani Abdulkarim da ya tare ta. Ita Musulma ce, shari'ar da masu cinikinta ke iƙirarin bi ta haramta bautar da ita, amma hakan bai kwance mata igiya ba. Da ɗan nata ya same ta bayan shekaru, wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta cika. Tafawa Balewa bai sa kowa ya yi huɗuba a kan gawarta ba. Ya jera rayuwa biyu ne kawai, ta ɗan da sa'a ta kai gidan mutumin kirki da ta uwar da ba ta samu ba, ya bar mai karatu da tambayar: wane irin tsari ne wannan da makomar mutum ta rataya a kan halin wanda ya saye shi? Twain ya sa lamiri a ƙirjin yaronsa. Matashin malamin Bauchi, wanda littafinsa zai bi ta hannun Bature ya isa fadar sarki, ya ajiye nasa a ƙirjin mai karatu.

Duk da haka akwai ramin da su biyun suka faɗa. A ƙarshen labarin Huck sai aka ji ashe Miss Watson ta mutu ta kuma 'yanta Jim a wasiyyarta, Tom Sawyer, abokin Huck, na sane ya ɓoye don ya yi wasan kuɓutar da fursuna. 'Yancin Jim kyautar uwargijiya ne, kamar yadda malantar Umar kyautar ubangida ce. Babu bawan da ya kwance kansa. Sai a 2024 Percival Everett ya sake ba da labarin daga bakin Jim a littafinsa James. A wajenmu kuwa, an mai da Shaihu Umar wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, amma muryar uwar Umar tana nan a inda marubucin ya bar ta.

Wanda ke karanta waɗannan littattafai a Malam Madori ba labarin nesa yake karantawa ba. Ƙasar nan ce ta Sarkin Haɗejiya Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye, ya shafe shekaru yana kai hare-hare a maƙwabta har rasuwarsa a 1863. Muna alfahari da jarumtakarsa, kuma jarumi ne. To amma kowane hari yana da ganimarsa, ganimar nan kuwa mutane ne: yara irin Umar, mata irin uwarsa. Wasunsu sun noma fadamun Kogin Haɗejiya, wasu sun biya murgu har suka fanshi kansu, 'ya'yansu cucanawa suka narke cikin gari. Tarihin da muke koya wa yara ya riƙe sunayen sarakuna da ranar da Turawa suka ci Haɗejiya a Afrilun 1906, bai riƙe nasu ba.

Abin bai tsaya a tarihi ba. Har yau a ƙasar Hausa akan je binciken asali kafin aure, wata tsohuwa ta sassauta murya ta ce, "Ai kakansu sayo shi aka yi," shi ke nan a mayar da kayan na-gani-ina-so. Saurayin da ya ji haka ya janye, ba mugu ba ne a ganin kansa, biyayya yake yi, kuma zuciyarsa za ta yaba masa. Halin da Huck ya shiga ke nan da wasiƙa a hannu, sai dai namu ba kasafai yake yaga tasa ba.

Don haka ina kira ga malaman adabi na sakandarenmu da na kwalejojin Jigawa: idan za ku koyar da Shaihu Umar, kada ku tsaya a haƙurin shaihin. Ku sa ɗalibai su bi sawun uwar zango-zango, ku ba su labarin Huck da Jim su gwada, sannan ku tura su wajen dattawan ƙauyukansu da takarda da biro su rubuto abin da ya rage a bakinsu game da rinji da murgu, tun masu sanin suna raye.