Daga Gidan Ba-haya a Shikago zuwa Ɗigon Shan Inna a Kano

Duk wanda ya saba duban allunan da ake kafawa a gefen rijiyar burtsatse ko a bangon ajin da aka gyara, wataƙila ya taɓa cin karo da wata alama: taya mai haƙora 24, ruwan ɗorawa da shuɗi, kamar giyar da bakanike ya ciro daga cikin inji. Tambarin ƙungiyar Rotary ke nan. Mutane da yawa a Arewa sun san tayar amma ba su san masu ita ba, wasu kuwa da an ambaci sunan sai su yi tsaki su ce ai 'yan ƙungiyar asiri ne. Sai dai ɗigon da aka shekara talatin ana bi gida-gida ana yi wa yara a baki, da hannun masu wannan taya a cikinsa tun daga tushe, kuma wanda ya bi sawun labarin baya zai tarar da kansa a ƙofar wani gidan ba-haya a Amurka.

Paul Harris, wanda ya kafa ƙungiyar, lauya ne, an haife shi a 1868, ya tashi a hannun kakanninsa a wani ɗan ƙauye da ake kira Wallingford a jihar Vermont, inda kowa ya san gidan su kowa. A 1896 ya sauka Shikago ya buɗe ofis. Shikago ta lokacin birnin mahauta ce da 'yan jirgin ƙasa da dillalan hatsi, baƙi na kwararowa ta ko'ina, ha'inci a ciniki kuwa ya zama ruwan dare. Ga dubban mutane, amma babu na cewa sannu. An ce wata rana da yamma Harris ya raka wani lauya ɗan'uwansa zagayen unguwarsu, sai ya ga mutumin yana tsayawa shago-shago yana gaisawa da masu kanti, kowa da sunansa. Abin ya tuna masa da ƙauyensu, ya kuma zauna masa a rai shekaru.

Daren Alhamis, 23 ga Fabrairu 1905, mutum huɗu suka haɗu a ɗaki mai lamba 711 a wani bene da ake kira Unity. Ɗakin ofishin Gustavus Loehr ne, injiniyan ma'adinai. Sauran su ne Harris, da Silvester Schiele mai sayar da kwal, da Hiram Shorey tela. Suka shirya cewa za su riƙa haɗuwa, yau a ofishin wannan, wani jiƙon a na wancan, kamar yadda kwasar adashi ke zagayawa. Daga wannan zagayen sunan ya fito, don ma'anar Rotary ita ce abin da ke kewayawa. Suka kuma kafa doka: kowace sana'a mutum ɗaya za a ɗauka. In akwai tela, babu tela na biyu.

Wannan doka ita ce ta fallasa manufar. Ba don taimakon marayu aka kafa kulob ɗin ba, zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne tsantsa. Mai neman kwal ya je wurin Schiele, mai ɗinkin kwat ya nufi Shorey, wanda shari'a ta taso masa ga Harris nan, kuma tunda babu kishiya a cikin gida, ba a rabon ciniki. Har mutum suka naɗa wanda aikinsa shi ne rubuta cinikin da aka ƙulla tsakanin 'yan kulob. Ni dai ban ga abin kunya a nan ba. 'Yan kasuwar Kurmi da Kantin Kwari sun daɗe da sanin cewa amana jari ce, kuma wanda kuka ci tuwo tare ya fi wuyar cutar ka.

Wanda ya fara dagula wannan lissafi wani lauya ne mai suna Donald Carter, da aka gayyato a 1906. Ya duba manufofin kulob ɗin guda biyu, bunƙasa cinikin 'yan ƙungiya da sada zumunci, ya nuna musu cewa ƙungiyar da ba ta san kowa ba sai cikinta ba za ta yi nisa ba. Aka ƙara manufa ta uku, wato yi wa birnin Shikago hidima. A 1907 Harris ya karɓi shugabancin kulob ɗin, ya shiga neman aikin da za a fara da shi.

Abin da suka zaɓa ba mai ƙyalli ba ne. A tsakiyar Shikago, duk yawan masu kai-komo, babu wurin da mutum zai kewaya in ta matsa shi. Namiji sai ya faɗa mashaya, kuma ba ya fita sai ya sayi kofi ɗaya don kunya. Mace sai ta shiga manyan kantuna, ita ma da wuya ta fito hannu rabbana. Ke nan rashin bayan gidan kasuwa ne ga wasu, shi ya sa da Rotary ta tayar da maganar, masu giya da masu manyan kantuna suka ƙi. Wanda ya taɓa yini a babbar kasuwa ko tasha yana neman gidan wanka da ba-haya ya san ba ƙaramin al'amari ba ne. 'Yan kulob ɗin ba su ciro kuɗi daga aljihu suka yi ginin ba. Taro suka kira, suka tattaro sauran ƙungiyoyin birni, suka yi ta zarya wurin hukuma, wannan ya san wane, wancan ya san wane, har hukuma ta gaji ta fitar da kuɗi. A 1909 aka buɗe wurin kusa da ginin majalisar birni.

A ganina a nan Rotary ta gano sana'arta ta gaskiya. Likita da lauya da ɗan jarida da attajiri suna cin abinci a tebur ɗaya kowane mako, kowannensu da ƙofar da in ya ƙwanƙwasa ake buɗewa. In suka haɗa baki a kan abu ɗaya suka nace, sai a wayi gari hukuma ta motsa.

Daga nan abin ya bazu kamar wutar daji. San Francisco ta kafa kulob na biyu a 1908. Zuwa 1910 an sami kulob 16 da suka haɗu suka zama ƙungiyar ƙasa, sannan aka ƙetara Kanada da Dublin da Landan. Afirka ta samu nata na farko a Johannesburg a 1921. A taron 1917 shugabansu Arch Klumph ya kawo shawarar a buɗe asusun ayyukan alheri, gudummawar farko da ta shigo kuwa dala 26 ce da santi 50, daga kulob ɗin Kansas City. Kyautar farko da asusun ya fitar, dala 500, ta tafi ne ga wata ƙungiyar kula da yara guragu.

Zargin asiri ma ba a Arewa aka fara shi ba. 'Yan Nazi sun sa an rufe kulob-kulob ɗin Jamus a 1937. Fadar Paparoma ta hana limaman cocinta shiga a 1951. Wasu malamai a ƙasashen Larabawa sun yi fatawa suna danganta ƙungiyar da 'yan Freemason. Ba a rasa dalilin zargin ba: manyan mutane ne ke shiga ɗakin otal su rufe ƙofa, ga ƙararrawa ana bugawa, ga tambari a wuyan riga, kuma ba ka shiga sai an gayyace ka. Mata ma ba su samu shiga ba sai da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1987, ƙungiyar ta gyara dokarta a 1989. Wanda yake waje yana leƙe, dole ya raya wani abu a ransa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kulob na farko a Nijeriya ba a Legas aka kafa shi ba. A Kano ne, a 1961, Legas da Ibadan suka biyo baya a cikin shekarar. Kanon lokacin ta dalar gyaɗa ce da fatu da kiraga, ga filin jirgin sama da ke haɗa ta da Turai, ga Kwarori da kamfanonin Turawa da masana'antun Bompai, wato irin garin da Rotary ke saurin yin saiwa. Ayyukan kulob-kulob ɗin Nijeriya, jiya da yau, ba su wuce na kusa da gida ba: haƙa rijiya, kai kujeru makaranta, duba idanu kyauta, ba da jini, raba keken guragu. A wannan kulob na Kano ne wani babban lauya, Jonathan Majiyagbe, ya yi shekaru yana hawa mataki-mataki.

Shan inna kuwa tsohuwar masaniya ce a ƙasar Hausa. Sunan kansa ya faɗi abin da aka ɗauke ta: Inna, aljanar nan da 'yan bori suka sani, ita ce ke shanye wa yaro ƙafa. Yaro ya kwana da zazzaɓi, a wayi gari ƙafa ta saki, sai a nufi mai magani da turare. Likitoci suka ce ƙwayar cuta ce da ke bin bayan gida ta shiga ruwa da abinci, ba ta da magani in ta kama, amma ɗigo biyu a baki, in an maimaita, yana tare ta. A 1979 Rotary ta ɗauki nauyin yi wa yara miliyan 6 rigakafi a Filifin. Da abin ya yi kyau, sai a 1985 ta ƙaddamar da shirin PolioPlus, ta ce za ta tara dala miliyan 120. Zuwa 1988 ta tara miliyan 247. A 1988 ɗin Majalisar Lafiya ta Duniya ta yanke shawarar kawar da cutar daga doron ƙasa, lokacin tana gurgunta yara wajen 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. Dabarar gidan ba-haya ce aka sake, an dai faɗaɗa ta: a fara sa nasu, sannan a ja Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da gwamnatoci su ɗauki babban kayan.

Ranar 1 ga Yuli 2003 Majiyagbe ya zama shugaban Rotary na duniya baki ɗaya, ɗan Afirka na farko da ya hau kujerar, kuma daga kulob ɗin Kano. A cikin wannan shekarar ce gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan inna a jihar Kano. Dokta Datti Ahmad na Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci da wasu malamai sun yi zargin an gauraya ɗigon da sinadarin hana haihuwa. Shugaban ƙungiyar da ta fi kowa dagewa a kan cutar yana zagaya duniya yana neman gudummawa, garinsa kuma ya rufe ƙofa.

Sauƙi ne a ce jahilci ne, amma wannan raini ne ga mutanen da ke da hujjar tsoro. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a gwajin da ya shafi yara 200, 11 suka mutu, maganar kuma ta kai kotu. Ga yaƙin Iraƙi yana ci a 2003. Sannan ga tambayar da magidanci ke yi a zaure, wadda ba ta buƙatar malami: yarona ya yi zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda, na je asibiti an ce in sayo magani, to wannan da ake biyo ni da shi har gida kyauta fa? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wannan tambaya ba a amsa ta a teburin otal, kuma duk ƙofofin da 'yan Rotary suka iya ƙwanƙwasawa, ta zauren talaka ba ta cikinsu.

Sai ƙarshen Yuli 2004 Kano ta koma rigakafin, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Kafin nan ɓarna ta riga ta auku. Ƙwayar ta bi matafiya ta sake ɓulla a ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har da Sudan da Yaman da ita kanta Indonesiya. A 2006 Nijeriya ta ƙirga yara sama da 1,100 da cutar ta shanye.

Gyaran ya zo ne ta hanyar da ƙasar ta sani. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, magana ta riƙa sauka daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Aka haɗa ɗigon da abin da iyaye ke gani da idonsu, kamar sabulu da maganin tsutsar ciki da sansanin duba marasa lafiya. Waɗanda cutar ta riga ta gurgunta suka hau kekunansu masu tuƙin hannu suna shiga unguwanni, ganinsu kaɗai ya fi dogon bayani. Gidauniyar Gates da ta Ɗangote suka shigo da kuɗi, Rotary ma ta ci gaba da zubawa, har abin da ta kashe a duniya ya haura dala biliyan 2.

Amma ƙafar da ta taka ƙasa ta mata ce, don su ke shiga gidan da aka rubuta ba shiga. Su fito da sassafe cikin hijabi, ɗaya rataye da akwatin ƙanƙara, ɗaya riƙe da takarda. A yi sallama, a gaisa da uwargida, a tambayi yara nawa ne ba su kai shekara biyar ba. A matse kumatun yaro, ɗigo biyu, a shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsan hagu, a fito a yi rubutu da alli a bango. In maigida ya ƙi, a koma da mai unguwa. Ladan aikin bai taka kara ya karya ba, haɗarinsa kuwa na gaske ne: a Fabrairu 2013 'yan bindiga suka harbe mata tara masu wannan aiki a Kano.

Yaro na ƙarshe da ƙwayar ta asali ta kama a jihar Kano a Sumaila yake, a Yuli 2014. An fara murna, sai ta sake ɓullowa a Borno a 2016, a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana masu rigakafi shiga. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita, kuma a shekarar mujallar TIME ta sa Dokta Tunji Funsho, shugaban kwamitin PolioPlus na Nijeriya, cikin mutum 100 mafiya tasiri a duniya.

Burin Rotary tun farko shi ne a gama kafin 2005, ta yi bikin cika shekara 100 da labari mai daɗi. An daɗe da wuce wa'adin. Ƙwayar ta asali tana nan a Afganistan da Pakistan, a Nijeriya kuma akwai wani nau'i da ke rikiɗowa daga ɗigon kansa a wuraren da yara da yawa ba su samu rigakafi ba. Shi ya sa har yanzu matan ke fitowa da akwatunansu, kuma a bangon gidaje da yawa a Kano da Katsina da Sakkwato, kafin ruwan damina ya gama wanke allin zagayen da ya wuce an zo an rubuta sabo a kansa.