Tarihin Pesto: Shin Dole Sai da Cuku?

'Yan uwa, wannan makon za mu leƙa birnin Janowa na Italiya, mahaifar pesto, miyar taliya da sunanta ya samo asali daga kalmar "daka". A turmin dutse ake daka ɗoɗɗoya da tafarnuwa da cuku, a zuba man zaitun. Tun 1863 Giovanni Battista Ratto ya rubuta haɗinta a littafinsa na girki.

Yau masu guje wa duk abincin da ya fito daga dabba suna cire cukun, wasu kuma na cewa sun ɓata gado. Amma mu duba maƙwabtansu na kudancin Faransa: miyarsu pistou, asalinta ɗoɗɗoya ce da tafarnuwa da mai kawai. Ashe in mun daka tamu a gida babu cuku, tsohuwar hanya muka bi.