Tarihin Yaƙi da Kansa da Ƙwayoyin Nano Masu Sakin Naitirik Oksaid da Oksijin Mai Ƙuna

Dabara ce ta ɗura sinadarai cikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake aunawa da nanomita, a tura su cikin jini, da nufin sai sun isa cikin ƙarin kansa sannan su saki iskar naitirik oksaid, wadda ake taƙaitawa NO, tare da nau'o'in oksijin masu ƙona ƙwayoyin halitta.

Marubuta sun saɓa kan mafarinta. Wasu na komawa 1772, shekarar da Joseph Priestley ya gano iskar NO a Ingila. Wasu kuma suna farawa daga 2016, lokacin da rubuce-rubuce suka yi ambaliya. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne an aza harsashin tsakanin 1986 da 1990, a ɗakunan gwaji daban-daban da ba kansa kaɗai ke gabansu ba.

A 1986 Yasuhiro Matsumura da Hiroshi Maeda na Jami'ar Kumamoto da ke Japan suka nuna cewa jijiyoyin jinin ƙari suna yoyo, kuma magudanar da ke kwashe ruwa daga cikinsa ba ta aiki sosai. Saboda haka babban sinadari idan ya shiga, sai ya maƙale. Sun yi wa ɓeraye allurar wani shuɗin rini mai manne wa furotin na jini, ƙarin ya rine kamar ƙyallen da aka tsamo daga marina, naman da ke lafiya kuwa ya washe. Kusan duk fannin kan wannan gwaji ya dogara.

Shekara guda bayan haka, Louis Ignarro a Amurka da Salvador Moncada a Ingila, kowa da ayarinsa, suka tabbatar cewa NO ce sinadarin da ke sassauta jijiyoyin jini, wanda Robert Furchgott ya hango tun 1980. An ba Furchgott da Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a 1998, aka tsallake Moncada, kuma masana da dama sun ce ba a yi masa adalci ba. Wanda tarihin kansa ya fi buƙata, aka kuma fi mantawa da shi, shi ne John Hibbs na Jami'ar Utah. A 1987 ya nuna cewa wasu fararen ƙwayoyin jini suna kashe ƙwayoyin kansa ta hanyar sarrafa sinadarin arginin, daga baya aka gane NO ce makaminsu. Sai Joseph Beckman a 1990 ya bayyana cewa idan NO ta haɗu da sufaroksaid, ɗaya daga cikin oksijin masu ƙuna, suna haifar da feroksinaitirait, guba mai ɓarnar da ta zarce ta iyayenta.

Matsalar ita ce NO ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi a jiki. Idan ta yi kaɗan, taimaka wa ƙari take yi ya tsiro da sababbin jijiyoyi. Sai ta yi yawa take kisa, yawanta a duk jiki kuma yana faɗar da bugun jini ƙasa warwas. Dole ke nan a samo mata mazubi. Ayarin Mark Schoenfisch na Jami'ar North Carolina ya ƙera ƙwayoyin silika masu sakin NO a 2007.

A 2016 masu bincike a Shanghai, ciki har da Wenbo Bu da Jianlin Shi, suka farfaɗo da wani tsohon haɗi na Henry Fenton na 1894 mai haifar da oksijin mai ƙuna: ƙarfe da haidirojin feroksaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi, wanda ƙari ke tarawa da kansa. A 2017 Wenpei Fan da Xiaoyuan Chen da abokansu suka haɗa hanyoyin biyu, ta NO da ta oksijin mai ƙuna, a ƙwaya guda: enzayim ya cinye sukarin ƙari ya fitar da feroksaid, feroksaid ɗin ya mai da arginin NO.

A jikin mutum labarin gajere ne. Gwajin Hiroyasu Yasuda na 2006 a Japan, da filastar naitirogilisarin mai sakin NO kan masu kansar huhu 120 da ke karɓar maganin kansa, ya samu ƙari ya ja da baya a kashi 72 cikin 100 na waɗanda aka liƙa wa, saɓanin 42 na waɗanda ba a liƙa wa ba. Gwaje-gwajen Holan da Ostareliya da aka buga a 2015 ba su ga wannan amfani ba. A 2016 kuma ayarin Warren Chan na Jami'ar Toronto ya lissafa cewa kusan kashi 0.7 cikin 100 na ƙwayoyin nano da aka yi wa dabbobi allura ne ke isa ƙari, ko da yake wasu sun ja da lissafin.

A 2019 Turai ta amince da Hensify, ƙwayoyin hafniyom da ake tsirawa kai tsaye cikin ƙari kafin gashi da haske. Babu NO a cikinsu. Masu haɗa NO da oksijin mai ƙuna galibinsu suna kan ɓeraye.