Ƙarfin Fiffike da Iyakar Nauyi a Jiragen Sama Haɗin Gida: Nazari a kan Long-EZ

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dangantakar ƙarfin fiffike da nauyin jirgi a jiragen da mutane ke haɗawa da kansu a Amurka. Hujjarta ita ce, iyakar nauyin da ke rubuce a zane ba ta tabbata sai hannun mai haɗawa ya yi kyau.

Gabatarwa

Burt Rutan, injiniya a garin Mojave na jihar Kalifoniya, ya fito da jirgin VariEze a 1975, Long-EZ kuma a 1979. A lokacin zane yake sayarwa, mai saye ya je gareji ya haɗa abinsa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, tana yi wa irin wannan jirgi rajista a rukunin gwaji muddin mai shi ne ya yi fiye da rabin aikin, kuma ba ta ɗora masa sharuɗɗan ƙarfin da take ɗora wa jiragen kamfani.

Inda ƙarfin yake

Da waya mai zafi ake yanka soso mai tauri ya ba da siffar fiffike, a shimfiɗa ƙyallen zaren gilas a kai, a jiƙa shi da danƙon efoksi. Zaren ne ke ɗaukar lodi, musamman wanda aka jera miƙe a ginshiƙin fiffike. Aikin danƙo riƙe zaren kawai. A nan sabon shiga ke ruɗuwa: ganin ƙyalli sai ya ɗauka ƙarfi ne, ya yi ta laftawa, alhali duk danƙon da ya wuce kima nauyi ne zalla. In kuma ya yi ƙwauro, sai farin tabo ya fito inda zaren ya bushe, daga nan shimfiɗu ke fara rabuwa. Ana gano wurin ta ƙwanƙwasa shi da kwabo. Amonsa a dushe yake.

Lissafin ba wuya. Ƙananan jiragen kamfani na rukunin yau da kullum an saba gina su su jure ninkin nauyinsu 3.8, da ƙarin kariya ninki 1.5. A ɗauka jirgi mai kilo 600, kusan iyakar Long-EZ ke nan, an yi masa fiffike a kan wannan mizani: zai ɗauki kilo 2,280. In danƙo da fenti da babban inji suka ƙara kilo 90, ninkin ya sauko zuwa 3.3, fiffiken kuwa bai san an yi ba.

Alminiyam yakan lanƙwashe kafin ya karye, ya ba mai duba alama. Zaren gilas ba ya gargaɗi. Zafi ma yana sassauta efoksin da ya bushe a ɗaki, shi ya sa ake yi wa waɗannan jirage farin fenti.

A ganin mai wannan nazari, ƙarin kariya ninki 1.5 ya yi kaɗan ga aikin hannu, ninki 2 ya fi dacewa. Duk wanda ya sauya zane, ya kifa fiffiken, ya jera masa buhunan yashi gwargwadon lodin, ya auna lanƙwasarsa kafin ya tashi da shi.