Santsi da Taɓo: Lokacin da Gwamna Ya Bar Jam'iyya, Talaka Ya Ƙi Binsa

Yau za mu koma baya, zamanin da Maigatari da Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar duk muna cikin tsohuwar jihar Kano, tunda sai a 1991 aka yanke Jigawa.

A zaɓen 1979, PRP ta Malam Aminu Kano, mai alamar mabuɗi, ta ci gwamnoni biyu: Abubakar Rimi a Kano, Balarabe Musa a Kaduna. Rimi na hawa ya soke haraji da jangali. Matashin yau ba lalle ya gane nauyin wannan ba, amma ka shiga kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis ka tambayi dattijon makiyayi. Jangali kuɗi ne a kan kowace saniya, wasu har gudu suke da garke don kada a ƙirga. Ga kuma yaƙi da jahilci, inda manya suka zauna koyon karatu. Wallahi mutumin ya yi aiki, wannan ba a jayayya.

To ina aka samu matsala? Gwamnonin nan biyu suka riƙa zama da na UPN da GNPP, su tara, wai gwamnonin ci gaba. Uwar jam'iyya ta ce su daina, suka ƙi. Su kuma suna zargin na kusa da Malam da lallaɓar NPN ta Shagari. A 1980 aka kore su, gida ya dare biyu. Masu bin Rimi aka kira su 'yan Santsi, waɗanda suka tsaya wa Malam 'yan Taɓo. Sule Lamido, yana ɗan majalisar wakilai a lokacin, Santsi ya bi.

Yanzu ku duba abin da kowa ya riƙe. Santsi na da gwamnati, da kuɗi, da jaridar Triumph, da ƙwararrun 'yan boko masu iya jan magana. Taɓo na da rajistar jam'iyya a FEDECO, sai dattijo ɗaya a Gwammaja. In da yau ne, da masu sharhi a Facebook sun ce Taɓo ta gama yawo.

Nan ne ra'ayina ya saɓa da na abokaina da yawa. 'Yan bokon Santsi sun ɗauka tunda talaka ya tsani haraji da zaluncin wasu hakimai, to ya shirya rushe duk abin da ya gada. Ba haka ba ne. Talakan ƙasarmu yana son a sauke masa kaya, amma ba ya son ya ga an ci mutuncin babba. A 1981 gwamnati ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero takardar tuhuma, ranar 10 ga Yuli gari ya kama da wuta, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Kisan nan ta'asa ce, babu mai hankalin da zai kare ta, kuma har yau ana muhawara kan waɗanda suka kitsa tarzomar. Amma ga mutane da yawa a karkara lissafin mai sauƙi ne: wannan yaron ya yi wa Malam tsaurin ido, ga shi yanzu ya taɓa Sarki.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Rimi ya ajiye kujerarsa ya tsaya a NPP, jam'iyyar Azikiwe, Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. PRP ta tsayar da Sabo Bakin Zuwo, mutumin da 'yan boko ke yi wa dariya saboda Turancinsa. Aka kaɗa ƙuri'a, Sabo ya kayar da Rimi. Wata uku kacal ya yi a kujera soja suka kifar da gwamnati, amma dai jama'a sun riga sun faɗi tasu.

Abin mamaki, ɗan Santsin nan Sule Lamido ya sake ganin irin wannan a gida, sai dai a juye. A 2011 mutanen Jigawa suka ba shi gwamna a PDP, suka ba Buhari na CPC shugaban ƙasa. A 2013 gwamnoni biyar, har da Kwankwaso da Wamakko, suka fice zuwa APC, shi ya zauna. Wannan karon jagora ne ya tsaya a jam'iyya, masu zaɓe suka tafi. A 2015 ɗan takararsa, Aminu Ibrahim Ringim, ya sha kaye a hannun Badaru, duk da titunan da kowa ke gani da filin jirgin sama na Dutse.