Ɗan Jirgin da ke Zoben Makulli

Ya 'yan'uwa, muna ganin samarinmu da ɗan jirgin ƙarfe a zoben makulli, ba su san labarinsa ba. Sunansa kilifa, iska kaɗai ke tura shi. A shekarar 1866 irinsa biyu, Ariel da Taeping, suka taso daga ƙasar Sin da sabon ganyen shayi, don wanda ya riga isa Landan shi ke cin kasuwa. Kwana 99 suna tsere, suka kewaye kudancin Afirka, suka iso rana ɗaya. Ikon Allah! Da aka buɗe mashigin Suwes a 1869, sai jiragen hayaƙi suka yanke ta Bahar Maliya, suka ƙwace cinikin. Cutty Sark, wanda aka ƙera a wannan shekara, yana nan Landan a kan tudu, ana zuwa kallonsa.