Tarihin Sakura da Masu Renonta a Japan

Sakura bishiyar ado ce da ke kaɗe ganyenta a lokacin sanyi, ta yi fure a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, furen kuma ba ya wuce mako biyu. A zamanin Nara (710 zuwa 794) fadawan Japan sun fi sha'awar furen ume da ya zo daga Sin. Sai a shekarar 812 Sarki Saga ya shirya zaman kallon sakura a lambun Shinsen-en da ke Kyoto, al'adar da ake kira hanami ta samu gindin zama a fada.

Talakawa ba su samu rabonsu sosai ba sai bayan 1720, shekarar da mai mulkin soja Tokugawa Yoshimune ya sa aka fara dasa bishiyoyi fiye da 1,200 a tudun Asukayama, daga baya aka bar kowa ya je ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu.

Sai dai sakurar da ta cika Japan a yau aikin masu lambu ce, kuma su ya kamata a fi yabawa. A tsakiyar ƙarni na 19, masu renon tsire-tsire na ƙauyen Somei, wanda yanzu Tokyo ta haɗiye, suka fara sayar da wani iri mai saurin girma, wanda furensa ke fitowa tun kafin ganye, har bishiyar ta zama fari fat da ɗan jaja-jaja. Shi ne Somei-yoshino. Irinsa ba ya maimaita uwar, don haka aure ake yi masa, kamar yadda ake wa mangwaro: a yanko reshe, a ɗaura a kan wani dashen. Saboda duk tsatso ɗaya ne, bishiyoyin gari guda kan buɗe fure kusan rana ɗaya, cuta ɗaya kuma kan kama su baki ɗaya.

An daɗe ana gudun sassabe sakura, domin wurin yankan yakan ruɓe. Masu kula da lambun Hirosaki ne suka kawar da wannan tsoro wajen 1960, da dabarar da suka aro daga manoman tuffa na yankinsu. Sukan sare reshen da ya tsufa, su shafe bakin yankan da magani, su zuba taki a gindi. Da wannan kulawa bishiyar Somei-yoshino da aka dasa can a 1882 take fure har yanzu, alhali ana ɗauka irin ba ya wuce shekara 60 da ƙarfinsa.